Kwana huɗu tsakanin Daura da Katsina, da gurbin da ba a cikewa a rajistar asibiti

Ranar Litinin bayan sallar asuba na isa tashar Ƙofar Ruwa a Kano, bazara na tsakiyar ganiyarta. Aikin da ya fitar da ni na kwana huɗu ne: in zagaya wasu ɗakunan gwajin ƙanjamau da ba da shawara a Daura da Katsina, in duba rajista, in zauna da ma'aikata. Kayana jaka ɗaya ce, sai akwatin sanyi mai ɗauke da kayan gwaji da katan guda na kwaroron roba. Kuɗin kujera biyu na biya a Sharon, naira dubu goma sha biyu, don akwatin ya zauna kusa da ni. Duk mai wannan aiki ya san kayan gwajin ba sa son zafin da ya haura digiri 30, kuma but ɗin mota da rana tsaka a watan Afrilu tanda ce. In suka gasu ba a gani da ido, sai dai sakamako ya riƙa fitowa ba daidai ba.

Dambatta da Kazaure mun wuce su ba wani labari, in ban da aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da muka riƙa hangowa. Shingayen 'yan sanda kuwa direba ya san yadda yake gaisawa da su. Sai da muka kusa Daura muka haɗu da na kwastan, domin iyakar Kongolam ba nisa. Wani jami'i ya nuna akwatin ya ce a buɗe. Na ce, "Yallaɓai, kayan gwajin asibiti ne," na miƙa masa katin aiki. Ya ɗaga murfi, ya ga katan ɗin kwaroron roba, ya mayar da murfin da sauri kamar ya taɓa garwashi, ya ce mu tafi. Wani dattijo da ke kujerar baya ya kau da kai ya shiga jan carbi. Har muka sauka babu wanda ya tambaye ni mene ne a ciki.

A Daura na kama ɗaki a wani masauki, dubu goma sha biyar kwana ɗaya, janareta har sha biyun dare, daga nan sai fankar sola. Da la'asar na leƙa rijiyar Kusugu, na bi ta ƙofar fadar Sarki na dawo. Abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar a wurin cin abinci na gan shi, kuma ba zan faɗi unguwar ba. Rumfa ce ta langa-langa, benci uku, tuwon masara da miyar kuka, ga kasko ana soya kaza. Mai abincin ɗan daudu ne da ya manyanta, ya ɗaura zani bisa wando, yana juya cinyoyin kaza da matsami yana amsa gaisuwa da irin muryar da kowa ya sani. Direbobi da 'yan kamasho sun cika bencin, suna tsokanarsa yana mayar musu, ana dariya. Wani ya ci bashi, ya ce sai gobe, ya ce masa Allah ya kai mu. Na biya dubu biyu da ɗari biyar na tuwo da cinya ɗaya. Shekara da shekaru mutanen nan suke cin abincinsa, sun san matarsa da 'ya'yansa. Amma da wani zai miƙe a wannan benci ya kira shi da ɗaya sunan, wato ɗan luwaɗi, wanda ake kai mutum kotu da shi, da rumfar ta watse a daren.

Washegari na shiga ɗakin gwaji na farko. Mai kula da shi ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe a bakin aiki, kowa Hajiya yake ce mata. Rajistarta tsaf, kwanan wata da lamba babu kuskure. Akwai gurbi a takardar da ake nuna rukunin da mai gwaji yake ciki, a cikinsu har da haruffa uku na Turanci, MSM, wato maza masu kwanciya da maza. Na buɗe shafi bayan shafi, gurbin nan fari fat. Na ce, "Hajiya, ko mutum ɗaya ba a taɓa samu ba?" Ta ce, "Malam, da wane baki zan tambaya? Kuma shi da wane baki zai amsa?"

Tambayarta ita ce gaba ɗaya abin da na je nema, domin Hausa tana da kalmomi amma babu wadda mutum zai kira kansa da ita ya kwana lafiya. "Ɗan luwaɗi" daga labarin mutanen Annabi Luɗu, alaihis salam, aka samo ta. Sunan zunubi ne, sunan laifi ne a gaban alƙali, kuma zagi ne da ake zubar da jini a kansa. Haka "'yar maɗigo" take a ɓangaren mata. "Ɗan daudu" kuwa magana ce ta ɗabi'a da sana'a, tafiya da murya da girki, masana suna danganta ta da Daudu, wato Ɗan Galadima na bori. Ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, kuma akasarin masu neman maza ba 'yan daudu ba ne: da babbar rigarsu da gemunsu da iyalinsu. Ma'aikacin da yake jiran ya ga rangwaɗa kafin ya yi tambaya zai shekara bai tambayi kowa ba. A tsakaninsu suna cewa "mai harka" ko "masu harka", kalmar da aka zaɓa don ta sakaya, wanda ba ya ciki ya ɗauka zancen kasuwanci ake. Samari masu waya kuma sun ɗauko kalmar Turanci ta "gay" suna rubutawa a saƙo, amma da wuya ka ji ta a bakin wani da rana a bainar jama'a.

Shirun nan yana da farashi, kuma a jiki ake biyansa. Mutum ya zo ya ce basir ke damunsa, domin basir ita ce kaɗai kalmar da aka yarda namiji ya faɗa game da wannan sashe na jikinsa. An ba shi maganin basir ba a duba ba, ya koma ya haɗa da jiƙo da tsimi na masu tallar magani a kasuwa, wata shida ya dawo abin ya ƙaru. Alhali ƙurajen da ƙwayar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ke haifarwa ne, ko ciwon sanyi a dubura, wanda sau da yawa ma ba ya nuna wata alama. Wani kuma yana amfani da kwaroron roba amma da man shafawa ko man gyaɗa, bai san mai yana cinye robar har ta fashe ba, wanda ake haɗawa da ruwa shi ne daidai. Wani bai taɓa jin cewa akwai maganin da ake fara sha cikin awa 72 bayan an yi kasada, a sha kwana 28, ya tare kamuwa da ƙanjamau ba. Akwai kuma na riga-kafi da ake sha kullum. Duk waɗannan suna cikin kabad ɗin Hajiya ko a asibitin da take turawa, amma ba za su isa ga wanda ba a san halinsa ba.

Mutane sukan ce ai Katsina ba ta da wannan matsala. Gaskiya ne binciken ƙasa na 2018 ya sa jihar cikin mafi ƙarancin masu ɗauke da cutar ƙanjamau, kashi 0.3 cikin ɗari, ƙasa baki ɗaya kuma 1.4. Amma binciken da aka yi a 2014 a kan rukunonin da suka fi shiga haɗari a wasu jihohin Najeriya ya samu kusan kashi 23 cikin ɗari a tsakanin maza masu kwanciya da maza. Ƙaramin adadi na jiha yana iya ɓoye babban adadi a cikin 'yan tsiraru. Kuma a ƙasar Hausa mutumin nan yana da mata a gida, wataƙila biyu, wataƙila ɗaya na da ciki. Ita ba ta san komai ba, kuma ita ce za ta zo awo.

Mun shafe yinin Talata ni da Hajiya da wani saurayi mai ɗaukar jini muna gyara yadda ake tambaya. Abu na farko ɗaki ne. Nasu labule ne ya raba shi da baranda, duk abin da aka faɗa masu jiran layi suna ji, don haka muka mayar da teburin kusurwar ciki, aka kunna rediyo a waje. Na biyu, ɗan rakiya ya tsaya a waje ko da wa ne ko uba, a gaya masa ƙa'ida ce ga kowa. Na uku, a fara da alƙawari a fili: abin da ka faɗa a nan ba zai fita ba. Sannan ba a tambayar suna, aiki ake tambaya, kuma kowane namiji ake yi wa, da mai rawani da mai acaɓa, da murya ɗaya: "Wannan tambaya kowa muke yi wa. A watannin nan, waɗanda ka kusanta mata ne, ko maza, ko duka?" A sa ta a tsakiyar sauran tambayoyi, bayan ta ƙarin jini da ta askin wanzami, ba a ƙarshe kamar tarko ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne minti goma sha biyar ɗin da ake jira bayan an ɗiga jini a kan Determine, wato tsinken gwajin ƙanjamau, domin hankalin mutum ya riga ya tattaru a kan lafiyarsa.

Inda ake ɓata aikin kuwa a fuska ne. Saurayin nan ya gwada tambayar a kaina, na amsa masa da "maza", sai ya ajiye biro ya ce "Subhanallah" bai ma san ya faɗa ba. Wannan kalma ɗaya ta isa mutum ya tashi bai karɓi sakamakonsa ba. Haka ɗaga kai a kalli abokin aiki, haka fara wa'azi. Na kuma ba su shawarar kada a rubuta wani abu a katin da mara lafiya zai tafi da shi gida, kuma rajistar ta kwana a kulle. A gari irin Daura, mai share ɗakin ma yana iya zama maƙwabcin mutum.

Laraba da safe na hau mota zuwa Katsina, dubu uku da ɗari biyar, ta Shargalle da Mashi, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Wani likita abokin aiki ya tare ni a Ƙofar Ƙaura, muka karya da waina da miyar taushe, ya kai ni masauki na dubu ashirin. Shi ya taɓa yin kwas na wata uku a Johannasbag ta Afirka ta Kudu, kuma da na ba shi labarin farin gurbin nan sai ya ce abin da ya fi girgiza shi a can ba gine-gine ba ne. Ranar farko a aji kowa yana gabatar da kansa, wani malaminsu ya faɗi sunansa da garinsu, ya ce shi "gay" ne, ya ambaci mijinsa, ya wuce zuwa jadawalin darasi. Ya ce, "Wallahi ni kaɗai na ɗago kai. Na rasa mi zan ce mashi in mun haɗu wurin shan shayi." A asibitin da suka yi aiki kuma mara lafiya da kansa yake faɗa tun kafin a tambaye shi, a yi masa gwajin da ya dace a sallame shi cikin rabin awa.

Wannan sakewa ba daga sama ta faɗo musu ba. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda wannan, a 2006 kuma suka halatta auren jinsi, su ne na farko a Afirka. Edwin Cameron, wanda ya zauna a kotun tsarin mulkinsu, ya bayyana a fili cewa shi haka yake kuma yana ɗauke da cutar ƙanjamau, bai rasa kujerarsa ba. Ita kanta kalmar "gay" a Turanci da ma'anarta mai fara'a ce, masu neman jinsi ne suka ɗauke ta suka raɗa wa kansu don su guje wa sunayen da likitoci da kotuna suka laƙaba musu, ta bazu sosai bayan tarzomar da suka yi da 'yan sanda a mashayar Stonewall a birnin Niyok a 1969. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire neman jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 1990. Likitan ya ƙara da cewa kada in ɗauka can aljanna ce: a unguwannin talakawa ana dukan mutane, ana kashe wasu, kuma da yawa ba sa faɗa a gaban iyayensu. Doka ta buɗe baki a ofis da asibiti, ba ta buɗe shi a kowane gida ba.

A nan kuwa lissafin daban ne, kuma duk wanda zai ce wa ɗan Katsina ya fito ya faɗi abin da yake bai san abin da yake jawo masa ba. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga kafa ƙungiya ko shiga cikinta ko nuna irin wannan soyayya a fili. Tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa ma shekara 14 ta yanka. Katsina na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, inda hukuncin zai iya kaiwa ga kisa. Kafin ma a je kotu akwai hukuncin unguwa: duka, kora daga haya, sakin aure, da 'yan damfara da ke yaudarar mutum ta waya su ɗauki hotonsa su riƙa tatsarsa, sun san ba shi da inda zai kai ƙara. Wani bincike da aka yi a Abuja aka wallafa a 2015 ya nuna cewa bayan dokar, masu jin tsoron zuwa asibiti a cikin waɗannan maza sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. Mu a Kano mun saba jin Hisba ta yi kame a wurin biki, kuma duk makon da aka yi haka ma'aikata suna lura da yadda wasu masu karɓar magani suke ɗauke ƙafa. Wanda ya bar shan maganinsa kuwa ƙwayar cutar takan dawo da ƙarfinta, har ta daina jin maganin.

A zaman da muka yi da ma'aikata goma sha biyu da yammacin Laraba, wani ya tambayi abin da ke ran kowa: in mutum ya faɗa mini, ba dole in kai rahoto ba? Amsa ita ce dokar 2014 ba ta ɗora wa ma'aikacin lafiya wannan nauyi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa, ita ma ta 2014, ta wajabta riƙe sirrin mara lafiya, in ban da 'yan wuraren da ta keɓe kamar yardarsa a rubuce ko umarnin kotu. Wata ungozoma ta ce ita ba doka ce damuwarta ba, tsoron Allah ne, kada ta zama mai taimakon saɓo. Ban raina tambayarta ba, domin da zuciya ɗaya ta yi ta. Wani dattijon ma'aikaci da ke limanci a masallacin unguwarsu ne ya karɓe ta. Ya ce, "'Yata, hukuncin aikin nan a addini sananne ne, ba wanda ya zo ya canza shi. Amma ke ba alƙali ba ce. Mai shan giya in hantarsa ta kumbura, kina korarsa?" Ya kawo ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane, da hadisin da ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa. Ya tunatar da su nauyin ƙazafi, yadda ake jifan yaro da wannan suna don kawai muryarsa siririya ce ko ba ya ƙwallo, sunan ya bi shi har gidan surukai.

Ni dai abin da na gani a tafiyar nan ya ƙara tabbatar mini cewa ba kalmar Johannasbag muke buƙata a Daura ba, kuma ba za ta zauna ba ko an kawo ta. Ɗaki ɗaya muke buƙata a kowane gari, mai ƙofa ba labule ba, inda mutum zai faɗi abin da ya yi sau ɗaya, a ji shi ba a zabura ba, a duba shi, a ba shi magani, a nemo hanyar da za a gwada matarsa ba tare da an rushe gidan ba. Hanyar da ta fi aiki ita ce a gayyaci ma'auratan tare a matsayin gwajin iyali, ko a bi ta awon ciki inda ake gwada kowace mace. Wanda gwajinsa bai nuna komai ba kuma a ce ya dawo bayan wata uku, domin sabon kamu ba ya fitowa nan take.

Alhamis da safe na tsaya a gindin hasumiyar Gobarau na ɗan lokaci, na sayi kilishin dubu biyar na tsaraba, na nufi tasha da wuri don ba na son dare ya same ni a hanya. Mota ta cika ƙarfe goma sha ɗaya, dubu bakwai zuwa Kano, ta Charanchi da Kankiya da Tsanyawa. Akwatin ya koma ba nauyi, na bar shi a but. Muna tsaye a wani shinge kafin Bichi wayata ta yi ƙara, Hajiya ce daga Daura. Bayan gaisuwa ta ce ta yi tambayar ga maza tara tun jiya. Takwas sun yi dariya ko sun ce a'uzubillahi. Na taran ya yi shiru har minti goma sha biyar ɗin suka cika, ya karɓi sakamakonsa, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo ya tambaye ta ko ranar Litinin ita ce a bakin aiki.